Na sayi MacBook M1 sai Xcode ya fara kuka, in mayar da ita ne?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya rubuto cewa: "Malam barka da aiki. Na sayar da tsohuwar MacBook ɗina mai Intel na yi ciko na karɓo M1 ta hannu, amma manhajar da take tashi lafiya lau a da yanzu ta ƙi hawa simuleta, jan rubutu kawai nake gani wai building for iOS Simulator, but linking in object file built for iOS, ga arm64 a ƙarshe. In ma ta tashi a waya dibaga sai ya ce compiled with optimization. Mai shagon ya ce zai karɓa, in mayar ne?"

Kar ka mayar ɗan'uwa, kwamfutar ba ta yi maka laifin komai ba. Abin da ya faru shi ne a zamanin Intel simuleta, wato iPhone ɗin gwaji da ke tashi a cikin kwamfuta, da tsarin furosesa na x86_64 yake aiki ita kuma iPhone da na arm64, to masu laburare, wato shiryayyen kod na wasu da kake sakawa a manhajarka, sai su cusa biyun a fayil ɗaya kowa ya ɗauki nasa ba rigima. Da Apple ta fito da M1 a ƙarshen 2020 sai simuletan ma ya koma arm64, shi ne Xcode, manhajar Apple da ake gina manhajojin iPhone da ita, yake laluba cikin tsohon fayil ɗin ya tarar da arm64 ya ɗauka a zaton nasa ne, ashe na wayar gaske ne, suna ɗaya amma ba gida ɗaya ba.

Ka fara karanta jan rubutun har ƙarshe, sunan laburaren da ya jawo abin yana nan a ciki, mu dai mun saba da zarar mun ga ja sai mu kwafe layin farko mu ruga Google. Ka nemo sabon zubin laburaren da yake zuwa a XCFramework, tun Xcode 11 a 2019 ake da wannan tsarin kuma shi yana ware na waya daban na simuleta daban. Wannan ne maganin gaske. In masu shi sun watsar da shi, toh sai ka shiga Build Settings wajen Excluded Architectures ka sa arm64 amma a ƙarƙashin Any iOS Simulator SDK kaɗai, dan Allah kaɗai, don in ka sa shi a layin sama ka cire wa iPhone ɗin kanta abin da take aiki da shi kenan, ranar da za ka tura App Store za ka sha mamaki. Kuma ka sani wannan faci ne, ta Rosetta, mai fassara wa M1 manhajojin Intel, simuletan zai riƙa tafiya yana ɗan jan ƙafa, ita ma Rosettan Apple ta ce za ta taƙaita ta bayan macOS 27.

Tunda ka shiga wajen, ka gangara can ƙasa in ka ga VALID_ARCHS ka goge shi, tun Xcode 12 aka daina yayinsa. Build Active Architecture Only kuma ya zama Yes a Debug, No a Release, in kana amfani da CocoaPods wajen saka laburare ka leƙa saitin Pods ɗin ma ka tabbata bakinsu ɗaya. Shi kuwa gargaɗin dibaga, wato abin da ake bin diddigin kurakuran kod da shi, wani abu ne daban, galibi a Release kake gudu ba ka sani ba, je Edit Scheme ka mayar da Run kan Debug.

Batun komawa Intel kuwa, macOS 26 ce ta ƙarshe da Apple ta ce za ta hau kan Mac masu Intel, wasu ma tuni aka bar su a baya, kuɗinka za ka kai inda ake tashi daga kasuwa.

Sai wata 'yar'uwa daga Maraɗi, ita Android take yi, ta ce ƙaramar wayar da take gwaji da ita tana ba ta INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS, ko ta sayi babba?

A'a 'yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Jona wayar da kwamfuta ki buga adb shell getprop ro.product.cpu.abi, ina kyautata zaton armeabi-v7a za ki gani, wato tsarin 32-bit, don ƙananan wayoyi masu Android Go da yawansu a 32-bit suke, ke kuma wataƙila arm64-v8a na 64-bit kaɗai aka bari a abiFilters cikin build.gradle ɗinki, ko wani laburare bai zo da na 32-bit ba. Ƙara armeabi-v7a ki sake ginawa. Google Play ta wajabta 64-bit tun Agustan 2019 amma ba ta ce a jefar da 32-bit ba, duka biyun ake haɗawa. Ni da ni ce ke ma wannan ƙaramar ba zan rabu da ita ba, irinta ce a aljihun da yawa daga mutanen da za su sauke manhajar taki, in dai ta yi gudu a kanta to babbar waya sai ki ara ta maƙwabta ki gwada sau ɗaya kafin ki tura.