Kafin ka yarda a cike kududdufi

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa lungunan cikin birnin Zazzau suke a karkace, ga kududdufi kusan kowace unguwa, alhali Sabon Gari layi-layi take. Ka kuma ce wani mai fili yana so a cike kududdufi a ɗora masa gida, ko da matsala. Akwai, babba ma kuwa.

Birnin Zazzau ba da igiyar awo aka shata shi ba. Ganuwa ce ta kewaye shi, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Kuyambana da Tukur-Tukur, aka bar fili a ciki don noma idan yaƙi ya tsare mutane. Manyan hanyoyi daga ƙofofin suke tasowa su nufi fada da masallacin Juma'a da kasuwa. Saura kuwa gida ne ke haifar gida: ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe, a ja katanga, abin da ya rage tsakanin katangu biyu ya zama lungu. Sabon Gari daban ce. Bayan jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 Turawa suka yanka ta fuloti-fuloti saboda baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa.

To, kududdufin da kake gani, daga cikinsa gidajen unguwar suka fito. A nan ake haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa, a bar ta kwanaki ta yi danƙo, a mulmula tubali a shanya kamar mako biyu. In damina ta faɗi sai ramin ya koma wani aikin: ruwa ya sauko ta indararo, ya bi lungu, ya zarce can. A watan Agusta za ka gane amfaninsa. Ka cike shi, ruwan ba zai sake hanya ba, gindin katangun maƙwabta zai kwanta. Ginin ƙasa kuwa ta ƙafa yake mutuwa, laima ta hau, gishiri ya cinye gindin, wata rana katangar ta zauna. Ba raunin ƙasa ba ne. Je ka dubi bakunan gizo masu ɗauke da rufi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara kawai.

Idan mai fili ya nace, fara da neman inda ruwan zai koma. A yi kwata mai gangara har zuwa babbar magudana tun kafin a sa diga. In babu mafita, kada ka karɓi aikin. Haƙƙin maƙwabci ya fi kuɗin ƙwadago.

Sannan ka haƙa ramin gwaji ka ga da me aka cike wurin. Yawanci shara ce da leda da toka. Wannan ba ta ɗaukar nauyi, tana ruɓewa tana lotsawa, shi ya sa kake ganin tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi a karkace bayan damina biyu. Dole a kwashe ta. Ciko da jar ƙasa ake yi, inci 6 a kowane zubi, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kafin a ƙara wani, a kuma bari damina guda ta wuce a kansa. Harsashi bai zauna a kan ciko ba, sai ya taɓa ƙasar asali, wadda diga ke ƙara in ta sare ta. Ka haura mita 2 ba ka same ta ba, aikin ya koma na injiniya da ginshiƙan kankare. Daɓen ɗaki ya ɗara hanya da aƙalla layin bulo biyu.

In ginin ƙasa ne, gindi ya yi kauri, yana sirancewa zuwa sama. Indararo ya fito kamar ƙafa biyu daga jikin bango, a sa dutse inda ruwan ke faɗuwa don kada ya fantsamo. Kuma kada ka yarda a shafe bangon ƙasa da siminti: ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ciki ya ruɓe waje na sheƙi. Makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ita ce tasa, a sabunta yaɓe da rani kafin ruwan fari.