Ga mai Hilux ɗin da man aksil ɗinsa ke komawa kamar kunun gyaɗa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka sauke man aksil ɗin baya ka tarar ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ka zuba sabo, mako biyu bai cika ba ya sake komawa haka, kana son sanin ta ina ruwan ke shiga. Wallahi na ji maka. Ciwo ne da na sani sarai, kuma duk mai shiga ƙauyukan Giwa ko Soba da mota a watan Agusta ya ɗanɗana shi. Allah Ya sa dai ba ta fara kuka ba.

Kada ka sake kashe ko kwabo a kan mai sai ka leƙa saman aksil ɗin. Akwai wata 'yar mashaƙar iska mai hular ƙarfe, makanikai na ce mata biriza. Taɓa hular da yatsa, ya kamata ta riƙa motsi. In laka ta ƙame a kanta, to ga mafarin masifarka. Ka taho kan kwalta aksil ya ɗau zafi, iskar cikinsa ta fice, sai ka faɗa ruwan sanyi. Nan take ragowar iskar ta tsuke, aksil ya ja numfashi. In birizar ta lalace kuma ruwa ya rufe ta, ta nan zai shiga. In ta toshe, sai ya tsotso ta bakin oyil sil, na finiyon inda farfela ke ɗaure ko na wajen tayoyi. Sil an yi shi ne don ya hana mai fita, bai da ƙarfin hana ruwa shiga.

Wani hanzari, mai yiwuwa ma ba sabon ruwa ba ne. Canji ɗaya ba ya kwashe shi, yana maƙalewa a hannuwan aksil ɗin. Bar motar ta kwana. Da safe fara kwance notin zuba mai na sama, soket mai lamba 24 ne a yawancin Toyota, don in ka fara da na ƙasa na sama ya ƙi kwantuwa ka shiga uku. In kana buɗewa mai ya bulbulo da kansa, an samu ƙari a ciki, ƙarin nan ruwa ne. Sannan sassauta na ƙasa a hankali, ruwa zai riga mai fitowa tunda ya fi nauyi. In kana shakka, ɗiga man a kan faranti mai zafi, in da ruwa za ka ji yana tsartsatsi kamar an jefa albasa a man suya. Ɗaga gefen hagu da jak ya tsiyaye, ɗaga na dama, zuba man giya mai araha, yi kilomita 20 zuwa 30 ya yi ɗumi, sauke, maimaita har ya fito garau. Sai ka zuba na ƙwarai, 80W-90 mai alamar GL-5, gwargwadon abin da motar ke ci, har ya kawo bakin ramin. Canja washa duka biyu. Ka duba maganaɗisun da ke kan notin ƙasa: laushin gari baƙi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, boris ya fara tafiya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne aikin wasu masu gyara. Ka kai mota, yaro ya shiga ƙarƙashi, ya sauke, ya zuba, a ce maka "an gama Alhaji", ba wanda ya ɗaga kai ya kalli biriza. Wani ma baƙin mai na inji zai ɗura maka. Wani ya ga mai na jiƙa birizar sai ya liƙe ta da gam, wai ya toshe yoyo! Daga ranar zafi zai riƙa turo mai ta sil, sanyi ya jawo ruwa. Mafi muni mai canja sil ɗin finiyon. Ya kwance notin bai sa alama ba, bai ƙirga zaren ba, wajen mayarwa ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Ya matse boris ke nan fiye da ƙima. Ba za ka sani ba sai wata rana kana hanyar Kano, ka ji wani kuka daga baya, wuuu, yana ƙaruwa in ka taka yana sauyawa in ka saki. A buɗe a tarar da boris ya yi tsatsa, ya ɓuɓɓule, haƙoran kirawun, babban giyan da ke cikin aksil, sun cinye. Aikin da tiyo ɗaya a kan biriza zai hana ya koma sayen aksil ɗin gwanjo, shi kuma mai aikin ya rantse haka ka kawo ta. Don Allah ka tsaya a kansu, kada ka tafi shan shayi.

In kana son ganin ƙofar da ruwan ke shiga da idonka, cire biriza, hura iska kaɗan da famfon keke, ba da kwamfuresa ba don zai fasa sil, ka shafa ruwan omo a bakin finiyon, notoci, da wuraren walda. Inda ya yi kumfa nan ne. Ɗaga tayar baya ka girgiza, in tana wasa boris ɗinta ya saki, sabon sil ba zai yi wata ba. Cire diram ma, danshin mai a kan takalmin birki shaida ce.

Maganin da ya fi ɗorewa: cire hular birizar, ɗaura mata tiyon fetur da kilif, bi da shi jikin shasi har sama, ka bar masa rara don kada ya tsinke in aksil ya sauka cikin rami. A ƙarshensa sa 'yar filtar fetur ta babur, bakinta na kallon ƙasa. Yi wa aksil ɗin gaba da giya da tiransifa haka, su ma suna numfashi.

Kuma masu wankin mota, ka hana su saita injin feshi a kan sil da biriza, ƙarfin ruwan nan yana ratsawa. In ka iso bakin rafi da mota da zafi, kashe ta minti 15 tukuna. Duk ranar da ruwa ya wuce tsakiyar taya, washegari ka buɗe notin sama ka tsoma yatsa.