Jirgin ruwana yana Tiga: in sayar da kaina ko in ba dillali?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. A Kurna nake zaune, amma ina da jirgin ruwa mai injin Yamaha a Tiga, shekara huɗu ke nan yana ɗaukar fasinja da kaya. Yanzu ina so in rabu da shi. Wani dillali ya ce in sakar masa jirgin da takardunsa, in yanka kuɗin da nake so, abin da ya hau kai nasa ne. An taɓa yi wa ƙasan jirgin faci, injin ma an taɓa kwance shi. Wace hanya ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta hana ka ko ɗaya ba. Amma maganar facin nan ita zan fara taɓawa, domin ta fi zaɓin dillali nauyi.

Ko kai ka sayar, ko dillali ya sayar da yawunka, kai ne mai kaya, kuma abin da wakilinka ya faɗa wa mai saye a kanka yake komawa. In ya rantse cewa jirgin garau yake, daga baya faci ya buɗe, kai za a kira. A Kotun Shari'ar Musulunci, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya, mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. A kotun majistare ma, cinikin da aka ƙulla bisa bayanin ƙarya ana iya warware shi, har a nemi diyya. Jirgi kuma rayuka yake ɗauka. Ba wanda ya manta da kifewar jirgi a ruwan Bagwai a Nuwamba 2021, inda aka rasa mutane da dama, cikinsu har da yara ɗalibai. Don Allah rubuta facin da gyaran injin a takardar ciniki, mai saye ya shiga ruwa da jirgin ya gwada, sannan ya sa hannu cewa ya gani ya amince.

Dillali yana da amfani, musamman gare ka da kake birni jirgi yana Tiga. Ya san masunta da masu fito na can da na Challawa, ya san wanda ke da kuɗi a hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sharaɗinsa. A ƙa'idar dokar ciniki, idan ka damƙa wa dillali kaya da yardarka domin ya sayar, ya je ya karyar da su ga wanda ya saya da zuciya ɗaya, da wuya kotu ta ƙwato maka su daga hannun mai sayen. Sai dai ka bi dillalin, in ka gan shi. Shi kuma "abin da ya hau kai nawa ne" yana nufin ba za ka taɓa sanin nawa aka saya ba, kuma shi ne ke tura dillali ya ɓoye aibi domin farashi ya tashi.

In za ka ba shi, ku rubuta la'adarsa ƙarara, ko kaso ko tsayayyen kuɗi, da mafi ƙarancin farashin da za ka sallama, da wa'adi, misali wata ɗaya, bayansa kana da 'yancin nemo wani. Ka sa cewa la'ada ba ta tabbata sai kuɗi sun shigo. Takardu na asali su zauna wurinka, shi ka ba shi kwafi. Kuɗi kuma su faɗa asusunka kai tsaye, ka tabbatar a banki, kada ka dogara da alat. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

In da kanka za ka sayar, ka tsira da la'ada, amma zirga-zirga da ciniki naka ne.

Ko ta wace hanya, takardar ta ƙunshi lambar injin, tare da rasidin da ka saye shi, domin injin sata yana yawo, kuma mai saye zai so ya kwanta da hankali. Ta faɗi kafin alƙalami nawa ne, da makomarsa in aka fasa. Ta kuma faɗi ranar da jirgin ya fita daga hannunka, saboda in ya nutse tsakanin sallamawa da ɗauka, wannan layin ne zai nuna wa ya yi asara. In jirgin yana da rajista da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ku sanar da ita a sauya suna, kada a yi haɗari ana neman ka. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali ɗayansu ya zama Sarkin Ruwa na wurin.

Ni a matsayinka zan ba dillalin aikin kawo mai saye kawai, ranar sallamawa kuma in tafi Tiga da kaina, takarda a hannu.