Tambaya da Amsa: Shin Microsoft yana ƙirƙira ne, ko saye kawai yake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sha jin masu zuba jari suna gardama a kan kamfanin Microsoft. Wasu suna cewa bai taɓa ƙirƙiro wani abin a-zo-a-gani ba, sai dai ya saya ko ya kwaikwayi na wasu, wasu kuma suna cewa wannan suka hassada ce kawai. Wane ɓangare ne yake da gaskiya?

Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam. Masu sukar suna da hujja mai ƙarfi. Tushen manhajar sarrafa kwamfuta ta MS-DOS, wadda ta kafa arzikin kamfanin, sayen sa aka yi daga Seattle Computer Products a 1981, PowerPoint kuma ta shigo hannunsa a 1987 bayan ya sayi kamfanin Forethought a kan dala miliyan 14, haka ma Hotmail a 1997. Cusa manhajarsa ta shiga intanet, Internet Explorer, cikin Windows domin murƙushe kishiyarta Netscape yana cikin abin da ya sa gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara a 1998, har alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin raba shi gida biyu a 2000, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001.

Masu kare kamfanin suna cewa ɗaukar fasahar da wani ya fara, a gyara ta, a kai ta kusan kowane ofishi a duniya, shi ma gwaninta ne, kuma riba ta ishe su shaida. Wannan magana ta yi rauni a zamanin da Steve Ballmer yake shugabantar kamfanin, daga 2000 zuwa 2014. Kuɗi suna ta shigowa daga Windows da Office, amma Google ya mamaye bincike a intanet, Apple da Android suka kwashe kasuwar wayar salula, kuma farashin hannun jarin bai sake kai inda ya kai a ƙarshen 1999 ba sai a 2016. A 2011 David Einhorn, wani fitaccen mai zuba jari, ya fito fili ya nemi Ballmer ya sauka. Sashen wayoyin Nokia da aka saya a makare kuwa, a 2015 aka rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kansa.

A ganina, laifin da ya cutar da masu hannun jari shi ne kare tsohuwar haja har sabuwar kasuwa ta wuce, kuma saye ko kwaikwayo ba su ne suka jawo hakan ba. Satya Nadella, wanda ya karɓi ragama a 2014, bai daina saye ba: ya sayi LinkedIn a 2016 da GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, a 2018, ya kuma zuba dala biliyan ɗaya a OpenAI, kamfanin ƙirƙirarriyar basira (AI), a 2019. Abin da ya sauya shi ne ya yarda Office ya hau iPad, ya kuma fifita Azure, sashen da ke ba kamfanoni hayar ma'ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta ta intanet, a kan Windows. Da farashin hannun jarin ya tashi, yawancin masu ƙorafin sai suka yi shiru, abin da ke nuna cewa tun farko aljihu ne ke magana. Gardamar da ake yi yanzu ita ce ko dogaron kamfanin ga OpenAI a fannin ƙirƙirarriyar basira zai maido da maƙudan kuɗin da yake kashewa wajen gina cibiyoyin adana bayanai.