Ƙwallona Yana Maƙalewa a Gefen Allo, Mece ce Matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi, ina haɗa wasan ƙwallo na kwamfuta da Pygame, kayan aikin haɗa wasanni a yaren Python. Na rubuta cewa in ƙwallon ya taɓa gefen allo ya juya baya da ragin gudu kaɗan. Amma wani lokaci sai ya maƙale a gefen yana ta karkarwa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin a nan ne mutum ke fara gane yadda kwamfuta ke motsa abu. Ƙwallon da ke kan teburin sunuka gangarawa yake yi, naka kuwa tsalle-tsalle yake, sau 60 a daƙiƙa guda. Ba ya taɓa bango, tsintar kansa yake yi a ciki.

Mu ɗauka faɗin allonka piksel 720 ne (piksel su ne ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoton allo), daga tsakiyar ƙwallon zuwa bakinsa kuma 15. Ke nan kada tsakiyarsa ta wuce 705. Yana tafiyar piksel 10 kowane tsalle. Daga 704 sai ga shi a 714, ya kutsa da 9. Ka juya shi ka rage gudun zuwa 8, ya dawo 706. Har yanzu bai fito ba! Sai umarninka ya sake juya shi, ya ƙara nutsewa. Karkarwar da kake gani ke nan.

Maganin shi ne ka fara fito da shi tukuna: mayar da tsakiyarsa 705 daidai, sannan ka juya gudun. Kuma kada ka ce "juya" kawai. Ce masa a gefen dama dole gudun ya fuskanci hagu, ko da ina ya dosa. Ka tuna a Pygame lissafi daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, lambar y, wato mai auna sama da ƙasa, tana ƙaruwa ne in ana sauka ƙasa.

In ka koma Box2D, manhajar lissafin motsi da karo da Erin Catto ya rubuta, injin da aka gina wasan Angry Birds a kansa, daina tura ƙwallo da hannunka. Kafa bango huɗu marasa motsi kewaye da allon, injin ya yi aikinsa. Sai dai shi da mita yake awo, ba piksel ba, kuma ya fi dacewa da abubuwa masu motsi daga mita 0.1 zuwa 10.

Sannan don Allah kada ka rubuta 720 a ko'ina cikin shirin. Tambayi allon faɗinsa duk lokacin da wasan ya tashi, domin na abokinka ba lallai ya zo ɗaya da naka ba.