Kar ka ƙirga taurari, ka duba gola da benci

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ƙungiyarku ta kai wasan ƙarshe na kofi, wadda za ku kara da ita kuma ba ta kama ƙafarku ba a 'yan wasa, shin ka kwantar da hankalinka ko akwai abin tsoro? Sannan ka nemi a faɗa maka ɗan wasan da ya kamata ka sa wa ido. Na ga waɗanda suka riga ni amsawa sun jero maka sunayen masu cin ƙwallo. Ni Manchester City nake goyon baya, kuma ka san wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sau uku muna shiga wasan ƙarshe na kofin FA kowa na cewa namu ne, sau ukun muna komawa hannu rabbana: 2013 da 2024 da 2025. Don haka bari in ba ka abin da idona ya gani.

Na 2013 shi ne wanda har yau bai bar ni ba. Ranar 11 ga Mayu ce, a Wembley, mu da Wigan Athletic. A kakar da ta gabata ne muka ɗauki Firimiya, kuma kusan duk waɗanda suka ɗauko ta suna nan: Kompany da Yaya Touré da David Silva da Nasri, ga Tevez da Agüero a gaba. Ita kuwa Wigan tana can ƙasan teburi tana ta fafutukar kada ta nutse, 'yan bayanta da dama suna jinya, har sai da kocinsu Roberto Martínez ya ɗauko 'yan tsakiya ya sa su tsare gefe. Da wani abokina muka kalli wasan, shi ba ruwansa da Wigan, burinsa kawai ya ga mun faɗi. Kafin a take leda na ce masa in ba mu ci uku ba ya canza mini suna.

Abin da ban lura da shi ba sai bayan kusan minti ashirin shi ne wani yaro mai suna Callum McManaman, wanda kafin ranar da ƙyar zan iya gane fuskarsa. A dama yake, Gaël Clichy ne ke tsaronsa. Duk ƙwallon da ta zo ƙafarsa ba ya neman wanda zai ba, kai tsaye yake tunkarar Clichy, ya yi kamar zai shiga ciki sai ya fita ta waje. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, daga nan sai na ga Clichy ya fara ja da baya tun yaron bai iso ba. To idan ɗan bayanka na gefe ya fara ja da baya, na tsakiya dole ya fito ya taimaka masa, idan ya fito kuma ya bar rami a bayansa. Mu muna riƙe da ƙwallo, su suna da hanya guda ɗaya tal da suka san tana ɓullewa, kuma ba su gaji da binta ba. A ɗaya gefen Tevez ya samu dama mai kyau, golansu Joel Robles ya kai ƙafa ya ture ta. A lokacin ko a jikina, na ce wata za ta zo. Ba ta zo ba.

Minti na 81 Martínez ya cire Jordi Gómez ya sako Ben Watson. Shi Watson ɗin nan a watan Nuwamba ya karye a ƙafa a wasansu da Liverpool, bai daɗe da dawowa ba. Ko kallon allon canjin ban yi ba. Minti uku bayan haka muka yi asarar ƙwallo a tsakiya, aka zura wa McManaman, Pablo Zabaleta bai da zaɓi ya kwashe shi. Da ma yana da kati ɗaya, sai ga na biyu, sai waje. Ka duba fa, Zabaleta shi ne ɗan wasan da ya fi kowa tsayuwa a ƙungiyarmu a kakar nan gaba ɗaya, amma yaro guda ya matsa wa bayanmu har sai da ya zama mutum na uku da aka taɓa kora a wasan ƙarshe na kofin. Ana shiga mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, ruwa na zuba, Wigan ta samu kwana. Shaun Maloney ya bugo ta kusa da turken farko, Watson ya taso da gudu ya riga Jack Rodwell tashi, ya sa mata kai ta wuce Joe Hart. Shi ma Rodwell ɗin daga benci ya shigo. Wato wasan da aka cika shi da sunan Agüero da Yaya, mutum biyu da suka fara shi a zaune ne suka raba gardamar, ɗaya ya yi tsalle, ɗaya ya makara.

Kwana biyu bayan nan aka sallami kocinmu Roberto Mancini. Kwana uku bayan wasan Arsenal ta yi wa Wigan ci 4-1, ta nutse daga Firimiya da kofin FA a hannu, abin da ba a taɓa yi ba kafin ita. Wannan kaɗai ya ishe ka gane bambancin gasar lig da sili ɗaya ƙwale. A wasa 38 ƙarya ba ta tsayawa, mai ƙarfi zai hau sama, marar ƙarfi zai gangara. A minti 90 kuwa ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar ta fi ku iya ƙwallo. Abin da take buƙata shi ne ta gano wuri ɗaya da kuke da rauni, golanta ya tashi da ƙafar dama, sannan agogo ya yi mata sauran aikin.

Maganar agogon nan ita ce mutane ba sa ba ta muhimmanci. Babbar ƙungiya tana shiga fili da nauyin cewa dole ta ci, ƙaramar kuwa ko an ci ta ba wanda zai zage ta. Duk minti goma da ya wuce ba a ci ba, ƙafar manyan ce ke ƙara nauyi. Idan kuma ƙaramar ta riga cin ƙwallo, to nan ne za ka ga ƙwararrun da ke ba da ƙwallo a natse duk kaka sun koma ɗirka ta daga nesa da cilla ta sama cikin da'ira. Haka aka yi mana a 2025 da Crystal Palace. Minti goma sha biyar na farko ko tsakiyar fili ba su cika tsallakawa ba. A minti na 16 aka ɗago wa Mateta doguwar ƙwallo, ya tare ta da jikinsa, ta je ga Daniel Muñoz a dama, ya kwantar da ita ciki, Eberechi Eze ya ɗauke ta tun ba ta zauna ba. Harinsu na farko ke nan na kirki. Mun riƙe ƙwallo sama da kashi 70 cikin ɗari a wasan, aka tashi ɗaya mai ban haushi, suka ɗauki babban kofinsu na farko a tarihi.

Amma ni a wurina ba Eze ne ya ci wannan wasa ba, golansu Dean Henderson ne. Ka ajiye gardamar ƙwallon da ya taɓa da hannu a wajen da'ira, wadda VAR ta duba ta ce ba ta kai jan kati ba. Har gobe ina ganin da sake, sai dai ba shi ne zancenmu ba. Da aka ba mu fenariti bayan Tyrick Mitchell ya kayar da Bernardo Silva, Haaland ne ya ɗauki ƙwallon, kowa ya zaci shi zai buga, sai ya sumbace ta ya miƙa wa Omar Marmoush. Henderson ya faɗi damarsa ya ture. Daga wannan lokacin ka ga mutumin ya ƙara faɗi a raga, duk abin da aka bugo yana nan, har da na yaron nan Echeverri da Guardiola ya sako a wasansa na farko. Tun daga ranar, idan ƙungiya ta shiga wasan ƙarshe ina so in san tun a gida wa zai buga fenariti, ba a tsaya ana kara da juna a gaban mutum dubu tamanin da wani abu ba.

Ka bi tarihin kofin nan za ka ga hannun gola a kusan kowace faɗuwar babba. A 2021 kowa na tuna ƙwallon da Youri Tielemans ya ɗirka wa Chelsea daga nesa a minti na 63, lokacin da Leicester ta su Ndidi da Iheanacho ta ɗauki kofin karon farko. Ƙwallo ce mai kyau, ba musu. To amma da Kasper Schmeichel bai ture wadda Ben Chilwell ya sa wa kai ba, da bai kai hannu ɗaya ya kawar da ta Mason Mount ana dab da tashi ba, da yanzu ba mai zancenta. Iheanacho ne ya kai su wurin, shi ya ci Manchester United biyu a kwata fainal, ya ci Southampton a wasan kusa da na ƙarshe, amma a ranar kofin kusan ba a gan shi ba. Ita kuma Chelsea ɗin da aka doke, mako biyu bayan nan ta doke mu a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Wannan ma wani mikin ne, mu bar shi.

Gola yana cin wasa, yana kuma bayar da shi. A 2008 Kanu ya yanke golan Cardiff, raga ba kowa, ya buga wa turke. Da a nan aka tsaya da shi za a ɗora wa laifi. Minti na 37 John Utaka ya bugo daga dama, gola Peter Enckelman ya kasa riƙewa ta suɓuce, Kanu na tsaye a wurin ya tura ta ciki, Portsmouth ta ɗauki kofi. A 2024 kuma, mu da United, doguwar ƙwallo ce marar haɗari, Gvardiol ya sa kai zai mayar wa gola, shi kuwa Ortega ya riga ya fito, ta wuce ta samansa, Garnacho ya tura a raga ba kowa. Kafin hutun rabin lokaci Mainoo ya ƙara, yara biyu da ba su kai shekara ashirin ba. Shi ya sa al'adar nan ta ware wa gola na biyu wasannin kofi take ba ni tsoro idan an zo ƙarshe. Koci na tsaka mai wuya: ya ajiye wanda ya kawo shi ya ci amana, ya sa shi kuma 'yan baya ba su saba da muryarsa kamar ta na ɗaya ba. A 2013 Mancini ya ajiye Pantilimon da ya tsare zagayen baya ya sa Hart, hakan ma bai hana mu faɗuwa ba.

Kar ka ɗauka ina cewa taurari ba sa aiki. Akwai 'yan wasan da kamar don irin wannan rana aka halicce su. Drogba ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin FA har huɗu daban-daban, a 2007 da 2009 da 2010 da 2012. Gerrard a 2006 ƙafarsa ta riƙe, yana ɗingishi, ya farke wa Liverpool ta uku daga wajen yadi talatin a kan West Ham. Mu ma a 2019 mun yi wa Watford shida da nema, ba wani abin mamaki da ya faru. Mafi yawan lokuta babbar ce ke ɗauka, kuma in caca ake yi ku za a zaɓa. Sai dai ko a wasan Gerrard ɗin, da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Pepe Reina ne ya tare uku. Ko daren Drogba na Munich a 2012, wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Chelsea da Bayern Munich, wanda Mikel ya yi ta share tsakiya har minti 120, da Petr Čech bai kama fenaritin Robben a ƙarin lokaci ba, da ba a kai ga bugun Drogba na ƙarshe ba.

Don haka ga yadda nake yi yanzu. Idan aka fitar da sunaye kafin wasa, gaba nake tsallakewa, in fara da wa ke raga, in gangara benci in ga wa zai iya shigowa a minti na 70 da sabuwar ƙafa, musamman yanzu da ake canja mutum biyar, kusan rabin ƙungiya. Idan an fara, minti ashirin na farko ba ƙwallo nake bi ba, 'yan bayanmu na gefe nake kallo. In na ga akwai wani yaro a cikinsu da ke tunkarar namu ba tsoro, namu kuma ya karɓi katin gargaɗi da wuri, to zama ya ƙare mini. Sannan duk kwanar da suka samu bayan minti 80 ina duba wa ke tsaye a turken farko, kuma ko wanda aka sako yanzu ya san mutumin da zai riƙe. Ka je ka nemi wasanninsu biyu ko uku na baya a kofin ka kalla, za ka ga ta inda suke ɓullewa, don ba za su canza hanya ranar ƙarshe ba.

Abu na ƙarshe, ka riƙe bakinka har a tashi. Abokin nan nawa ya cika alkawarin da ni na ɗaukar wa kaina. Sama da shekara goma ke nan, a wayarsa sunan Ben Watson ya rubuta a kan lambata, kuma duk ranar 11 ga Mayu sai ya kira ni da sassafe ya tambaye ni ya ƙafa.