Filin Gareji: In sa wa Corolla sifirin ɗin motar da ta fi ta girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano, shekararta huɗu a hannuna. Ni malamin makaranta ne, ranakun aiki daga ni sai yara biyu da nake saukewa. Amma duk ƙarshen wata nakan je ƙauye in ɗauko hatsi, wani lokaci har buhu uku, ga maiɗakina da yara. Yanzu bayan motar ya zauna, da na faɗa rami sai in ji "gum". Makanikena ya ce sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, ya gaji, a sa mata na Camry a baya, ko a cusa roba tsakanin zagayen nata. Wani abokina ya yi haka, na shiga motarsa, wallahi kamar amalanke. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin mu taɓa sifana, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Akwai 'yar takarda a manne da ke faɗin iskar taya da iyakar nauyin da aka yarda motar ta ɗauka. A irin taka wajen kilo 400 ne, mutane da kaya gaba ɗaya. Buhu uku na kilo ɗari-ɗari sun cinye 300. Ka hau, uwargida ta hau, yara su hau, kun doshi 500. Saboda haka ba lallai makanikenka ya yi ƙarya ba da ya ce sifirin ya gaji, amma akwai wanda ya gajiyar da shi.

Ana auna ƙarfin sifirin ne da nauyin da zai matse shi milimita ɗaya. Mu ƙaddara naka kilo biyu da rabi yake buƙata. Ka jibga kilo 300 a kan tayoyin baya, kowane ɓangare ya ɗauki 150, motar za ta nutse santimita shida. Wannan shidan kuwa daga cikin sararin da aka bar wa taya ta yi sama in ta ci karo da tudu aka ɗebe su. Sarari ya ƙare, ƙarfe ya samu ƙarfe, shi ne "gum" ɗin da kake ji.

To me zai hana a sa mai tauri a huta? Ranar Litinin ce za ta hana. Sifirin ɗin da ya yi daidai da buhu uku, in but ya zama fanko ba abin da zai lanƙwasa shi. Motar iyali ana gina ta ne yadda jikinta zai yi lilo sama da ƙasa kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa, kusan takun mutum mai tafiya, shi ya sa jiki ba ya ƙorafi. Ka ƙara tauri ba ka ƙara nauyi ba, lilon ya koma jijjiga, ƙugu ya fara biyan bashi.

Ciwon ƙugu ma da sauƙi. Direbobi da yawa sun ɗauka mota mai tauri ta fi riƙe titi, domin ba ta kwanciya a kwana. A kan kwalta mai sumul haka ne. A kan gargada kuwa labari ya sha bamban: aikin sifirin shi ne ya bi taya duk inda ƙasa ta lotsa ya danna ta, in ya yi tauri da yawa sai tayar ta riƙa tsalle, tayar da ke sama kuwa ba birki gare ta ba sitiyari. In kuma bayan kaɗai aka taurara aka bar gaba yadda yake, bayan ne zai fara zamewa a kwana. Shekarun baya an jawo mini wata Golf da aka sa wa sifirin ɗin wata babbar mota a baya. Mai ita ya ce da lodi lafiya lau ya je, a dawowa ba kaya, ya shiga kwana a kan burji da gudun da ya saba, sai ya ga gonar da ya wuce tana kallonsa ta gilashin gaba. Allah Ya tsare, geron mutane kawai ya kwantar.

Sifirin ɗin Camry an yi shi ne don nauyin Camry. Faɗinsa da tsayinsa da yadda bakinsa ke zama a mazauni ba lallai su zo ɗaya da naka ba, kuma shokazobarka ba a yi ta don ta riƙe shi ba. Robar da ake cusawa kuma tana kashe zagaye ɗaya ne, sauran su ɗauki aikinsa, daga nan sai karyewa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Duk lokacin da aka zo wannan magana sai na tuna Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya yi shekaru yana haɗawa a Kaduna. Mutane suna cewa ƙarfi gare ta, ni kuwa da na kwana a ƙarƙashinta na san laushi gare ta. Sifirin ɗinta dogo ne, tayar tana da wurin kai da komo sosai, shi ya sa take haɗiye rami fasinja yana gyangyaɗi. Da suka zo yin wagon mai ɗaukar kaya, sifirin huɗu suka jera mata a baya, biyu kowane ɓangare, suka gina sauran ƙafar daidai da haka. Tun daga masana'anta aka raba mai ɗaukar mutane da mai ɗaukar lodi.

Ga abin da zan yi da motar a garejina take. A faka ta a shimfiɗaɗɗen wuri ba kowa ciki, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama, a gwada da wata Corolla irinta mai lafiya. In taka ta fi ƙasa da yatsa biyu, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zama, sifirin ya tafi. Sannan a danna kusurwar but da ƙarfi a saki. Ta tashi ta tsaya, shoka na da rai. Ta ci gaba da rawa, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shokar, ta mutu. A leƙa kuma 'yar robar nan da ke kan sandar shoka, wadda ke tare ƙarfe kafin ya daki ƙarfe. A motoci masu shekarun taka sau da yawa ta riga ta zama gari, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

In canji ya kama, sayi na Corolla, biyu tare, kada a canza ɓangare ɗaya. In na gwanjo za ka ɗauka a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohon naka a hannu. Jera su a ƙasa ka ga tsayi, ƙirga zagaye, duba kaurin ƙarfen, in akwai ɗigon fenti a jiki ka tabbata launin biyun ɗaya ne. Wanda tsatsa ta ci ya yi ƙuraje, ajiye musu abinsu. Akwai kuma wani iri da zagayensa suke matse a gefe ɗaya, a buɗe a ɗayan: yana da laushi in mota ba kaya, yana ƙara tauri in an danne shi. In ka samu wanda aka yi don motarka, shi ya fi dacewa da mai rayuwa biyu irin taka. Duk da haka ba ya ƙara wa birki da taya da bodi ko kilo ɗaya a kan abin da takardar ƙofa ta ce. Taura biyu ba ta taunuwa, Malam. Ranar da iyali ke ciki ɗauki buhu ɗaya, ka tura shi can ƙuryar but kusa da kujera, ka ƙara iskar tayoyin baya kaɗan. Sauran biyun ka ba motar kasuwa.

Tambaya: Baba ina wuni. Ina so Civic ɗina ta yi ƙasa kamar na 'yan tsere. Abokaina sun ce a yanke zagaye biyu kawai. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Lafiya lau ɗana. Kada ka yanke. Sifirin in an rage masa zagaye tauri yake ƙarawa, bakinsa ya daina zama daidai, in taya ta rataya a rami yana iya ficewa daga mazauninsa. Masu gasa shi da wutar walda kuma kashe ƙarfen suke yi. In ka nace, akwai waɗanda aka ƙera don haka, suna sauke mota kamar santimita uku, ana haɗa su da shokar da ta dace, a yi alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, bayan an ɗaura. Kafin ka kashe kuɗin, ƙirga tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanku da makaranta, sannan ka durƙusa ka ga tazarar da ke tsakanin kwanon man injinka da ƙasa.